Ƙari A Jikin Kwalli, Dubu Sha Biyu A Aljihuna

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ja tsaki. Za su ce ga matsalar ruwa a hostel, ga kuɗin rajista, ga jarabawa ta ƙarato, amma wani ya samu fili a mujallar ƙungiya ya ɓata shi a kan kare. Na ji, kuma ban ga laifinku ba. Ku dai ba ni minti goma. Maganar ta kare ce, amma tambayar da ke cikinta babu ɗalibin da bai taɓa yi wa kansa ita ba: idan ciwo ya zo, kuɗin hannunka kuma ba su taka kara sun karya ba, ina za ka fara kai su?

Kwalli shi ne karen gidanmu. Baƙin da ya zagaye idanunsa ne ya ja masa sunan. Shekararsa takwas tare da mu. Gidanmu a bakin gari yake, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, kuma tun rasuwar mahaifinmu awakin Umma ne bankinmu. Duk lokacin da rajista ta zo, akuya ɗaya ce ke tafiya kasuwa. Sau biyu ɓarayi suna haura katangar maƙwabta su kwashe dabbobi, ba su taɓa shigowa namu ba, kowa a layin kuma ya san dalili. In an bi diddigi, Kwalli yana cikin waɗanda suka biya min kuɗin ND I.

A hutun da ya wuce ina cire masa kaska sai hannuna ya faɗa kan wani ƙullutu a gefen ƙirjinsa, bayan ƙafar gaba ta dama. Girmansa kamar goro. Laushi gare shi, in ka tura shi da yatsa sai ya gusa a ƙarƙashin fata, shi kuwa karen ko a jikinsa. Ƙanwata ta ce ai ya fi wata biyu a wurin, da farko ma kamar gyaɗa yake. A aljihuna akwai naira 12,000, kuɗin da na daɗe ina tarawa don buga furojet da yi masa bango.

Likitoci huɗu kafin magariba

Kafin a kira magariba na samu shawara huɗu, ko ɗaya ban nema ba.

Kawuna ya leƙo, ya hangi karen daga nesa ya ce, "Kai yaro, wannan ai daji ne. Masu sayen karnuka suna zagayowa ranar kasuwa, ku sallamar da shi tun yana da kuɗi, ku samo ɗan kwikwiyo." Mai kemis ɗin bakin titi, wanda ko hoton karen bai gani ba, ya ce maruru ne, ya jero min allura da kafso na naira 4,500. Wani mutum da ke yawo a babur da jaka yana yi wa awakin unguwa allura, wanda kowa ke kira dokta, ya latsa abin da yatsa biyu ya ce in kawo 8,000 ya cire shi nan take a tsakar gida. Na ce masa allurar barci fa? Ya ce, "Haba ɗalibi, kare ne fa. Ku dai samo ƙarti biyu su danne shi." Ita kuwa tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita, cikin tausayi ta ce a yi masa sakiya a shafa baƙin mai, haka ta ga ana yi wa jakuna tun tana yarinya.

Sai da na kwanta da dare na lura da wani abu. Su huɗun duk sun ba ni mafita, amma babu ɗaya da ya duba ya san mene ne a cikin ƙullutun. Abin kunyar shi ne ni kaina saura ƙiris in miƙa wa mai babur dubu takwas ɗin. Ni da nake ND II a SLT, ni da na yi wata huɗu na SIWES a ɗakin gwaji ina rina jini a gilashi ina leƙa madubin likita don neman ƙwayar maleriya. A lab ba a taɓa yarda mu rubuta sakamako da ka ba, amma da abin ya zo gidanmu sai ga ni ina shirin yin aiki da ka.

Ra'ayina ke nan, shi ne kuma dalilin wannan rubutu: wanda kuɗinsa kaɗan ne, shi ya fi kowa buƙatar sanin sunan ciwo kafin ya sayi magani. Mai hali yana iya yin kuskure sau uku ya biya sau uku. Mu kibiya ɗaya ce a kwarinmu, ba ma harbi cikin duhu.

Ba kowane kumburi ne daji ba

Abu na farko da ya kamata duk mai kare ya sani shi ne mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a fatar kare ba kansa ba ne. Ga waɗanda aka fi cin karo da su.

Akwai ƙarin kitse, wanda likitoci ke kira lifoma. Ya fi kama karnukan da suka manyanta, musamman masu ƙiba. Yana da laushi, yana gusawa a ƙarƙashin fata, a hankali yake girma, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Akwai wani ja mai kama da maɓalli, marar gashi, da ke fitowa karnukan da ba su kai shekara uku ba, galibi a kai ko kunne ko ƙafa. Sunansa histiyosaitoma, kuma yawanci da kansa yake bajewa cikin wata biyu zuwa uku. Akwai ƙananan tsiro masu kaushi da ke fitowa 'yan kwikwiyo a baki da leɓe, ƙwayar cutar bairos ce ke kawo su, su ma sukan tafi da kansu. Sai kuma kumburin da ba ƙari ba ne sam: maruru mai mugunya bayan cizo, ko tsutsar ƙudan tumbu da ke shiga fata lokacin damina, wadda za ka ga ɗan rami a tsakiyar kumburin.

A ɗaya ɓangaren akwai masu haɗari. Wanda ya fi yawa a cikin kansar fatar kare shi ne ƙarin ƙwayoyin mast. Matsalarsa kwaikwayo: yana iya fitowa da laushi, ya gusa a ƙarƙashin yatsa, sak irin na kitse. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a nan ido bai san komai ba, yatsa ma haka. Likitan da ya shekara ashirin yana aiki ba zai rantse a kan ƙullutu da taɓawa kawai ba, balle mai babur.

Shi ya sa yankan tsakar gida ya fi kowace shawara muni. Idan ƙarin mai haɗari ne, ana buƙatar a cire shi haɗe da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, wani lokaci har santimita biyu ko uku ta kowane gefe. Wanda ya ɓare shi kamar gyaɗa ya bar saiwarsa a ciki, zai dawo, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Idan kuma marar illa ne, to an azabtar da dabba, an buɗe rauni ga ƙuda da ƙura, an biya 8,000 a kan abin da ba ya buƙatar ko sisi.

Sauran shawarwarin ma ba su tsira ba. Kafso ba ya narkar da kitse, ƙwayoyin cuta yake kashewa, kuma babu su a cikin lifoma. Magungunan ciwon jiki da muke sha kamar ibufurofen da daikulofenak suna ƙwaƙule wa kare ciki su taɓa masa ƙoda, farasitamol kuma in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Baƙin mai guba ne, kare kuwa duk abin da ka shafa masa sai ya lashe.

Minti goma a asibitin dabbobi

Kai shi asibitin ma wani aiki ne. Masu keke uku suka ce su ba sa ɗaukar kare, sai da wani mai kurkura ya yarda a kan 3,000 zuwa da dawowa. Asibitin dabbobi na gwamnati muka je, na yanki kati a kan 1,000. Likitar ba ta fara da ƙullutun ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Yaushe rabonsa da rigakafin haukan kare?" Na fara lissafi da yatsu. Ta girgiza kai ta sa aka ɗaura masa takunkumi.

Daga nan ta ɗauko sirinji da siririyar allura, ta soka a cikin ƙullutun, ta ɗan motsa ta, ta zare, ta fesa abin da ya fito a kan gilashi. Ta sake yin haka ta wani gefen. Kwalli ko ƙara bai yi ba, babu allurar barci, babu ɗinki. Ta ɗaga gilashin ga haske, sai ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar an ɗiga man gyaɗa, sun ƙi bushewa. Da ta ji abin da nake karanta sai ta ce, "To malam ɗan lab, zo ka gani da idonka."

'Yan SLT za su gane abin da ya biyo baya. Metanol ɗin da ake kafe samfuri da shi yana narkar da kitse, don haka rabin abin ya wanke ya tafi. Abin da ya rage bayan an rina shi manyan ƙwayoyi ne fanko, kamar kumfar sabulu, kowace da ɗan ɗigonta a manne a gefe. Ta ce da ƙwayoyin mast ne, da na ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu cike da tsaba mai launin shunayya. Babu ko ɗaya. Irin rinin da nake amfani da shi wajen gwajin maleriya ne fa, irin madubin da nake leƙawa kowane mako. Kuɗin gwajin 3,000.

Ta ce kitse ne. In ina so a cire shi, tiyatar da allurar barci da ɗinki da magunguna za su kai naira 45,000. Ku auna: ɗalibin da ke karɓar 20,000 na NELFUND a wata, kuɗin wata biyu ke nan da ɗoriya. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na 70,000, fiye da rabin watansa ke nan. Sai na yi mata tambayar da nake ganin ita ce mafi amfani da na yi a ranar. Na ce, "Likita, da naki ne, kuma abin da ke aljihuna shi ne a naki, ya za ki yi?"

Ta ce, "Zan ƙyale shi. Ba ya yi masa ciwo, bai hana shi tafiya ba. Sa tsohon kare barci ma yana da nasa haɗarin. Ka riƙa auna shi duk wata, in ya canja ka dawo. Amma rigakafin nan yau za a yi, wannan ba na jira ba ne."

Aka yi masa rigakafin a kan 3,000. Na dawo gida da naira 2,000 da kwanciyar hankali. Farashin ya danganta da gari da asibiti, kada wani ya je ya yi rigima da nawa lissafin. Abin lura shi ne tsarin: gwajin ya kasa kuɗin kafson mai kemis, bai kai rabin kuɗin wuƙar mai babur ba, kuma shi kaɗai ne ya amsa tambayar.

Game da rigakafin, likitar gaskiya ta faɗa. Ni ƙullutun da nake gani shi ya hana ni barci, alhali abin da zai iya kashe mutum a gidanmu shi ne wanda ba na gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Allurar da ke hana ta ba sai an je Turai ba, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin ta. Da na bi mai babur, da na kashe kuɗin a kan kitse na bar wannan a buɗe, ga yaran unguwa suna shiga gidanmu kullum.

Jira ma aiki ne

Kada wani ya ɗauka "ƙyale shi" yana nufin mance da shi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya jira don ya sani da wanda ya jira don ya gaji da tunani. Ga abin da muke yi a gida, kuma ko kwabo ba ya ci.

Ranar ɗaya ga kowane wata ƙanwata tana auna tsawonsa da faɗinsa da rular makaranta, ta rubuta a bayan kalanda. Tana ɗora marfin kwalbar lemo kusa da shi ta ɗauki hoto ta turo min ta WhatsApp, don ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, amma hoto ba ya sabo. Tana shafa duk jikinsa, ƙarƙashin hammata, ciki, wuya, tsakanin yatsu, ko wani sabo ya fito. Likitar ta ja min kunne a kan wannan: sakamakon ƙullutu ɗaya ba ya wanke na biyu, kowane sabo da nasa gwajin. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce in ya kai girman ƙwayar wake, wato kamar santimita ɗaya, kuma ya yi wata guda bai tafi ba, a gwada shi. Gwajin allura ma ba wahayi ba ne, wani lokaci allurar takan kuskure inda matsalar take, shi ya sa awon wata-wata yake da muhimmanci.

Abubuwan da za su sa mu koma asibiti ba tare da jiran ƙarshen wata ba su ne: in ya fara girma da sauri, in ya yi tauri ko ya daina gusawa, in ya fashe ko yana jini, in karen ya dame shi da lasa ko cizo, in yana kumbura yana sacewa, in ya fara ɗingishi, ko ya daina cin abinci yana ramewa. Na Kwalli kusa da hammata yake, don haka in ya girma har ya fara gogar ƙafa, dole a cire, kuma cire ƙarami ya fi cire babba sauƙi da araha. Saboda haka muka buɗe masa asusu. Gwangwanin madara ne, duk mai canji ya jefa. Umma kuma ta rage masa ƙanzo da sauran miya mai maiƙo, ba don hakan zai narkar da ƙarin ba, sai don ƙibar ta yi masa yawa.

"Mutane na yunwa, kai kana ta kare"

Abokin ɗakina ne ya faɗa min haka, kuma ba zan yi kamar maganar banza ce ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa ya koma. A hostel ɗinmu akwai masu bin tsarin 0-1-0, ni ma mako biyu na yi a kansa kafin in haɗa kuɗin bangon furojet. Dubu goma za ta ciyar da mutum kwanaki.

Amsata kashi biyu ce. Na farko lissafi ne kawai. Akuya ɗaya a yau ta ninka abin da na kashe sau da yawa, kuma maigadin da ba ya karɓar albashi, ba ya barci, ba ya haɗa baki da ɓarawo, bai yi tsada a dubu goma ba. Wanda ya ce a sayar da shi a samo kwikwiyo ya manta cewa kwikwiyo sai ya shekara kafin ya san aikinsa. Wa zai yi gadi a shekarar?

Na biyu kuma amana ce. Mu muka ɗaure shi a gidanmu, muka ci moriyarsa shekara takwas. Wanda ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta, mun san sunan da ake kiransa da shi. Wasu za su ce ai kare najasa ne. Mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi a ƙasar Hausa tana ɗaukar dabba mai rai a matsayin mai tsarki, har da kare, kuma an yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ko wanda ke bin ra'ayin da ya fi wannan tsanani, bai ce a azabtar da shi ba. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa ruwa da takalminsa aka gafarta masa, akwai kuma na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna da shi a littafin Karin Magana sura 12, inda aka siffanta mai adalci da kula da ran dabbarsa. Ban san wani addini a makarantar nan da ya yarda ƙarti biyu su danne dabba a yanka ta da ranta don kawai ita ba ta iya kai ƙara ba.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya gefen. A TikTok da Facebook za ka ci karo da masu kiwon karnukan ƙawa suna cewa wanda ba zai iya biyan tiyata ba bai cancanci riƙe kare ba. A Ingila da Amurka har inshorar lafiya ake yi wa karnuka, to sai su ɗauka duniya duk haka take. Waɗannan ma ban yarda da su ba. Ko a can, likitoci sukan bar ƙarin kitse da aka tabbatar a wurinsa in bai dami dabbar ba. Rashin yin tiyatar da ba a buƙata ba rowa ba ne. Talaka ba ya cin amanar dabbarsa don ya kasa biyan 45,000. Yana cin amanarta ne in ya ƙi neman sani alhali sanin yana cikin ikonsa.

Da a ce daji ne fa?

Wannan ita ce tambayar da ba na so, amma rashin gaskiya ne in tsallake ta. Da gilashin nan ya nuna tsaba mai launin shunayya, ba ni da kuɗin tiyata a ranar. Sai dai ko a hakan sanin yana da amfani. Da na san cewa lokaci ba ya jira, da mun zauna da Umma mun yanke shawara ko akuya za ta tafi kasuwa tun ƙarin yana ƙarami. Da na tambayi ko za a karɓi kuɗin kashi-kashi. Da na nemi asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, inda ake da ƙwararru da ɗakunan gwaji. Wasu cututtukan ma sunansu ne ke da ban tsoro. Akwai ƙarin da karnuka masu yawo ke ɗauka wajen barbara, wanda ke sa jini ya riƙa ɗiga daga al'aurarsu. Mutane kan ɗauka ƙarshe ya zo, alhali allura ce ake yi mako-mako na 'yan makonni, kuma mafi yawa suna warkewa.

Idan kuma abin ya fi ƙarfin magani da aljihu, akwai maganin rage raɗaɗi, akwai kuma hanyar da likita ke kawo ƙarshen wahalar dabba ba tare da azaba ba. Wannan ya fi a kai shi bayan gari a yar, ya dawo yana bin bola da rauni a buɗe. Duk waɗannan zaɓi ne masu ɗaci, amma wanda ya sani ne kaɗai ke da zaɓi.

Shawara ɗaya a nan: ku tabbatar wanda kuke kira dokta likitan dabbobi ne da gaske. Karatun shekara shida ne a jami'a, kuma akwai Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya da ke yi musu rajista. Jaka da babur ba shaida ba ne. Likitan gaske ba ya jin haushin a tambaye shi me zai faru in ba a yi komai ba, ko wane ne mafi arahar gwajin da zai ba da amsa.

Mu ma haka muke yi wa kanmu

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda shawarwarin nan huɗu suka yi kama da abin da muke yi wa jikinmu. Zazzaɓi ya kama mutum, ya wuce kemis ya ce a haɗa masa na maleriya da taifot, ba gwaji. Wata ta ji ƙullutu a nono ta yi shiru wata shida don tsoron sunan da za a kira mata, alhali mafi yawan irin wannan a 'yan mata ba kansa ba ne, wanda kuma ya zama ita ce, gano shi da wuri shi ne rabin magani. Wani ya ga kumburi a wuya ya bari abokin ɗaki ya matse masa. Muna biyan kuɗin asibiti a cikin rajista, amma sai ciwo ya kwantar da mu muke tuna hanyar kilinik. Rashin sani ya fi dare duhu, mun haddace, mun rubuta a jarabawar Hausa tun sakandare, amma aiki da shi ya gagara.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiya, musamman ofishin walwala. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Akwai karnuka a gidajen malamai, akwai su a unguwannin da ɗalibai ke haya. A gayyato likitocin dabbobi na gwamnati su yi yini guda a harabar makaranta, a yi rigakafi, a duba duk dabbar da ke da kumburi, ɗaliban SLT su taya rina gilasai a ƙarƙashin kulawarsu. Rumfa ɗaya da tebur biyu ne. Mun kashe fiye da haka a kan kiɗan makon ɗalibai.

Yau wata biyar ke nan. Awon farko santimita uku ne, na ranar ɗaya ga watan nan ma uku ne da ɗan ɗigo. Gwangwanin ya tara naira 11,000. Na miƙa furojet ɗina a makare da kwana huɗu, na sha faɗa, an karɓa. Shekaranjiya da dare Umma ta kira ni, ina jin haushinsa ta cikin wayar. Na ce lafiya? Ta ce, "Lafiya lau, wani ne ya tsaya da babur a bayan garke, ya ji Kwalli ya ƙara gaba."

Daga ɗalibin ND II, Sashen SLT